Yadda za ka fita daga kwantiragin waya a Ingila kafin lokacinsa ya cika

Wannan rubutun na 'yan uwa ne da ke zaune a Ingila, musamman ɗalibai da masu aikin jinya da kula da tsofaffi waɗanda ba su daɗe da zuwa ba. Mu a gida mun saba da sayen kati, ka loda, in ya ƙare ka sake sayen wani, in layin ya ishe ka ka cire sim ka jefa a aljihu ba wanda zai biyo ka. Toh nan ba haka abin yake ba. Ka shiga shago ka ga iPhone sabuwa dal, yaron shagon ya ce maka ai fam talatin da wani abu ne kawai a wata, ka sa hannu kana murna, alhali abin da ka sa wa hannu bashi ne na wata 24, wani ma 36, kai kuma karatun naka na mastas shekara ɗaya ne. Ni ma na faɗa wannan ramin a shekarata ta farko shi ya sa nake maganar da ɗan zafi.

Kafin komai, ga abin da ba za ka yi ba. Kar ka shiga manhajar bankinka ka soke dairek debit, wato izinin da ka ba su na cire kuɗi duk wata, ka ce shikenan ka huta. Wallahi ba ka huta ba. Soke izinin banki bai soke kwantiragi ba, kuɗin na nan yana taruwa, za su turo wasiƙa, su yanke layin, daga nan su miƙa ka ga kamfanin karɓar bashi, sannan a rubuta a fayil ɗinka na kiredit, wato tarihin yadda kake biyan bashi, cewa ka ci bashi ka ƙi biya. Wannan tabon shekara 6 yake yi a fayil a wajen kamfanonin da ke ajiye shi, su Experian da Equifax da TransUnion, kuma nan ne masu ba da hayar gida da bankuna ke leƙawa kafin su yarda da kai. Na san wanda ya nemi hayar ɗaki aka hana shi saboda tsohon bashin waya da shi kansa ya manta da shi.

Mataki na farko: san wane irin kwantiragi ne a hannunka

Buɗe imel ɗinka ka nemo takardar da suka turo ranar da ka karɓi wayar. Abu uku kake nema: ranar da ya fara, watanni nawa ne, sannan kwantiragi ɗaya ne ko biyu. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba sa lura da shi. Tsohon salo shi ne a haɗa kuɗin waya da kuɗin kira da data a dunƙule, ka riƙa biyan abu guda. Sabon salo kuma, wanda su O2 da Vodafone da Sky Mobile da Tesco Mobile ke yi, raba su ake yi gida biyu: ɗaya na layi, ɗaya na wayar kanta, kuma na wayar rance ne sak, yarjejeniyar bashi ce mai zaman kanta. Dokar Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a ƙasar, ba ta yarda a ɗaure mutum a kwantiragin layi sama da wata 24 ba, amma bashin wayar kan kai wata 36, kaga ta nan suke bi.

Amfanin sanin wannan shi ne, in naka rababbe ne, a wasu kamfanonin da zarar ka biya ragowar kuɗin wayar to layin za ka iya barinsa ba tara. In kuma dunƙulalle ne, lissafin daban. In kuwa sim kaɗai ka karɓa mai sabuntawa duk wata, ai kai ba ka da matsala, tsallake zuwa mataki na biyar a ƙasa.

Mataki na biyu: tambayi nawa za su caje ka, ba tare da ka yi magana da kowa ba

Ka ɗauki wayar da sim ɗin ke ciki ka rubuta INFO ka tura wa 85075. Kyauta ne. Cikin minti ɗaya ko makamancin haka amsa za ta zo da adadin kuɗin da za ka biya in ka fita yau. Wannan tes ɗin bai soke komai ba, tambaya ce kawai. Wasu kamfanonin za su ce ka ƙara ranar haihuwarka, in kuma layuka da yawa ne a akawun ɗaya, misali naka da na madam, sai su tura ka shafinsu ko manhajarsu. Wannan tsarin tun 1 ga Yulin 2019 Ofcom ta tilasta shi, don a da sai ka kira su ka sha surutu wajen wanda aikinsa kawai ya hana ka tafiya.

Yadda suke lissafin ba wani ɓoyayyen abu ba ne: kuɗin wata sau watannin da suka rage, wasu su ɗan rage wani kaso kaɗan. Misali kana biyan fam 35, saura wata 14, to ka sa ran wani abu kusa da fam 490. Ƙa'ida ita ce tarar ba za ta wuce abin da da ma za ka biya in ka zauna ba. Ka yi lissafin da kanka a takarda ka gwada da nasu, kar ka ce ai kwamfuta ba ta kuskure. A Nuwamban 2018 Ofcom ta ci EE da Virgin Media tarar fam miliyan 13.3 a haɗe saboda sun caji masu fita da wuri fiye da ƙima. In ana yi maka ragi a kuɗin wata, duba ko da farashin ragin suka yi lissafi ko da cikakken farashi.

Yanzu da adadin ke hannunka, sai a nemi ƙofar da za ka fita ba ka biya shi ba.

Mataki na uku: ƙofofin fita kyauta

Ta farko ita ce kwana 14. In ta intanet ko ta kiran waya ka ƙulla kwantiragin, dokar kare masu saye ta 2013 ta ba ka kwana 14 ka fasa ba sai ka ba da dalili ba. Za ka mayar da wayar da kwalinta da cajarta, ka biya ɗan abin da ka yi amfani da shi na kira da data a kwanakin, shikenan. Amma fa in a cikin shago ka sa hannu wannan dokar ba ta rufe ka ba, sai dai abin da shagon ko kamfanin ya ga dama ya ba ka a tsarinsa na mayar da kaya, wasu suna bayarwa wasu ba sa yi, don haka duba rasit ɗinka yau ba gobe ba. In kuma ta hannun dillali ka saya irin su Currys, to su za ka fara tuntuɓa. Ranar da za ka mayar da wayar ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka cire akawun ɗinka na iCloud ko Google, ka aika ta hanyar da ake bin sawun kaya, ka adana rasit ɗin gidan waya. Wannan 'yar takardar ita ce shaidarka in suka ce ba ta iso ba.

Ta biyu, kuma ita ce mutanenmu suka fi yin asararta saboda rashin karanta saƙo: in kamfani ya canza sharuɗɗa ta yadda bai amfane ka ba, ko ya ƙara kuɗi fiye da abin da aka rubuta ranar da ka sa hannu, dole ya sanar da kai aƙalla wata guda kafin nan, kuma kana da kwana 30 ka fita ba tara. A lura da kyau, ƙarin da aka riga aka rubuta a kwantiragi ba ya buɗe wannan ƙofar. Shekarun baya suna rubuta cewa duk watan Afrilu za a ƙara gwargwadon hauhawar farashi da ƙarin kashi 3.9 cikin ɗari, mutum ya sa hannu bai san nawa zai zama ba. Daga 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta hana wannan a sababbin kwantiragi, yanzu dole su faɗa maka a fam da kwabo nawa za a ƙara da kuma yaushe. To in suka ce fam kaza, daga baya suka zo da abin da ya fi haka, ƙofa ta buɗe. Ya faru a zahiri: a Oktoban 2025 O2 ta sanar cewa ƙarin shekara zai koma fam 2.50 a wata maimakon 1.80, kuma ta ba mutane kwana 30 su fita. Waɗanda suka karanta saƙon suka yi tafiyarsu, waɗanda suka share shi suna zaton talla ne suka zauna. Sai dai ko ta wannan ƙofar ka fita, in akwai bashin wayar kanta yana nan a wuyanka, layin ne kawai ka rabu da shi.

Ta uku ita ce rashin sabis, kuma gaskiya wannan ƙofar da ƙyar take buɗuwa. Babu wata doka da ta ce da zarar sabis ya yi rauni a ɗakinka ka fita kyauta, musamman in kai ne ka tashi ka koma wata unguwa. Amma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole a yi maka aikin da ka biya yadda ya kamata, saboda haka in matsalar ta daɗe kana da abin riƙewa. Abin da ke aiki shi ne shaida. Ni da na koma wani gida da ke can ƙasan bene, kira ba ya shiga sam sai na fito bakin titi cikin sanyin nan ina rawar ɗari ina gaisawa da Hajiya, sai na fara ɗaukar hoton fuskar wayar duk safiya da yamma, ga kwanan wata ga sandunan sabis babu ko ɗaya, na yi sati uku ina yi. Duk kiran da na yi wa kamfanin na rubuta rana da lokaci da lambar ƙorafin da suka ba ni. Sau biyu suna ce min injiniyoyi na kan aiki. A na ukun na tura musu hotunan gaba ɗaya a imel ɗaya, nan fa murya ta canza, suka sake ni da rabin tarar. Ba kyauta ba, amma rabi ya fi duka.

Akwai kuma maganar rasuwa, Allah ya sa mu cika da imani. In mai layin ya rasu iyalansa su kira sashen da ke kula da wannan, kusan kowane kamfani na da shi, za su nemi takardar shaidar mutuwa su rufe layin, galibi ba tarar fita. Kar a ci gaba da biya wata da watanni don ba a sani ba.

Komawa gida fa? Nan ne da yawa ke zaton akwai sassauci. Ka gama karatu, biza ta ƙare, za ka koma Kano ko Zariya ko Maraɗi, a wajensu wannan ba dalili ba ne, kwantiragi na nan daram. Za ka iya roƙo ka nuna tikiti da takardar biza, wani lokacin a dace da mai tausayi ya rage, amma alfarma ce ba haƙƙi ba.

Mataki na huɗu: in babu ƙofar kyauta, nemi mai araha

Tsaya ka yi tunani tukuna, domin a nan mutane ke yin abin da ba riba. In tarar fam 490 ce, zama kuma fam 490 ne, ka biya tara ka fita sannan ka je ka sayi wani sim na fam 8 a wata, ai ka ƙara wa kanka kashe kuɗi ne, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Fita da tara tana da ma'ana ne kawai in za ka bar ƙasar, ko layin ba ya maka aiki kwata-kwata, ko kuma kana da hanyar cike gurbin kuɗin. In ba haka ba da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka lallaɓa watannin su ƙare.

Abu na farko da za ka gwada shi ne kiran su ka ce kuɗin ya fi ƙarfinka. Ka faɗi gaskiya, aiki ya tsaya ko an rage maka awanni. Ofcom na sa ran kamfanoni su saurari wanda ya shiga matsi, kuma sukan iya mayar da kai ƙaramin tsari, ko su rarraba maka abin da ake bin ka, ko su ɗaga maka ƙafa na ɗan lokaci. Ka kira kafin ka fara tsallake biya, muryar wanda bai taɓa fashi ba ta fi shiga kunne. In basukan sun taru maka ta ko'ina, Citizens Advice da StepChange da National Debtline suna ba da shawara kyauta, kar ka biya kowa kuɗi don wannan.

Na biyu, mayar da kwantiragin sunan wani. Wasu kamfanonin na yarda, za su binciki kiredit ɗin sabon mutumin, in ya tsallake sai nauyin ya koma kansa gaba ɗaya. Dan Allah a yi shi a hukumance. Abin da muka saba yi na "riƙe wayar kawai ka riƙa turo min kuɗin duk wata" shi ne ke raba zumunci, wata uku na farko zai turo, na huɗu ya ce albashi bai shigo ba, sunanka ne kuma a takarda. Haka nan wanda zai ce ka karɓar masa waya da sunanka don shi kiredit ɗinsa bai kai ba, ka ba shi haƙuri.

Na uku, sayar da wayar ka biya tarar da kuɗin. Duba farashi a wajen masu sayen tsofaffin wayoyi irin su CeX da musicMagpie da Mazuma ka gwada, sau da yawa sayar wa mutum kai tsaye ya fi tsoka. Tun Disamban 2021 an hana kamfanoni sayar da waya a kulle da layinsu, to in bayan nan ka saya kowane sim zai hau. Amma ka karanta takardarka ka tabbatar an yarda ka sayar kafin ka gama biya, kuma kuɗin da ka samu ka zuba su a bashin nan take. Masu aika wayar kwantiragi gida a sayar a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sannan su daina biya a nan, su sani kamfani na iya toshe lambar IMEI ta wayar, ga tabon shekara 6, ga kuma haƙƙi, don bashi sunansa bashi ko na Bature ne.

Mataki na biyar: fitar kanta

Ka yanke shawara, toh kar ka kira ka ce a rufe layi kawai, don ta wannan hanyar sukan nemi sanarwar kwana 30 su caje ka kuɗinta. Yi amfani da tes. In kana son lambarka ta bi ka, tura PAC zuwa 65075. In ba ka son lambar, tura STAC zuwa 75075. Za su turo maka wata lamba tare da bayanin abin da ake bin ka, tana aiki kwana 30, in ba ka yi amfani da ita ba ta mutu kuma layinka na nan yadda yake. Ka miƙa ta ga sabon kamfanin, su za su yi sauran aikin, a ranar aiki ta gaba an gama, kuma tsohon kamfanin ba shi da ikon cajin ka kuɗin sanarwa bayan ranar da ka koma. Kar ka yi ranar Juma'a da yamma in kana jiran kira mai muhimmanci, sai Litinin.

Shawarata ga mai komawa gida, kar ka yar da lambar. Bankinka na nan da WhatsApp ɗinka da akawun ɗin biza duk a kanta suke turo lambar sirri. Ka ɗauke ta da PAC ka kai ta sim mai arha marar kwantiragi, irin su giffgaff ko Lebara ko SMARTY ko Lyca, sannan ka riƙa ɗan amfani da ita lokaci-lokaci don in ta yi watanni a kwance sukan kashe ta. Kafin ka zaɓa duba wane babban layi suke hawa, giffgaff na kan O2 ne, Lebara na kan Vodafone, SMARTY na kan Three, kar ka gudu daga rashin sabis ka sake faɗawa kan turakun da ka baro.

Dairek debit kuma ka bar shi a buɗe har bil na ƙarshe ya fita, tarar a cikinsa take zuwa. Sai ka ga an cire, ka samu imel ko wasiƙa cewa akawun ya rufu ba a bin ka ko kwabo, sannan ka soke. In za ka rufe akawun ɗin bankin gaba ɗaya saboda tafiya, wannan ya zama abu na ƙarshe da za ka yi. Bayan wata biyu ka leƙa fayil ɗinka na kiredit, kyauta ne, ka tabbatar sun rubuta an biya.

In suka ƙi ji

Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka ce musu ƙorafi ne a hukumance, ka karɓi lambarsa. In ta hira a manhaja kuka yi magana ka ɗauki hoton hirar kafin ta ɓace. Kowane kamfanin waya dole yana ƙarƙashin ɗaya daga masu sasanci biyu da Ofcom ta amince da su, Communications Ombudsman ko CISAS, kuma kai ba ka biyan ko sisi. A da sai ƙorafi ya yi sati 8 ba a warware ba kafin ka kai can, Ofcom ta sanar da rage shi zuwa sati 6 daga Afrilun 2026. In kuma kamfanin ya ce iyakar abin da zai yi kenan tun kafin lokacin, ka nemi su ba ka wasiƙar da suke kira dedlok, da ita za ka wuce kai tsaye. Hukuncin mai sasancin in ka karɓa ya hau kan kamfanin dole, in ba ka karɓa ba kai bai ɗaure ka ba. Ita Ofcom kanta ba ta shiga rigimar mutum ɗaya, tana dai tara ƙorafe-ƙorafe, don haka kar ka zauna jiran ta kira ka. Kuma duk tsawon wannan ja-in-jar ka ci gaba da biyan kuɗin wata, in ka yi nasara a mayar maka.

Wani abu da na kusa mantawa. Duba ko ma kwantiragin naka ya riga ya ƙare ba ka sani ba. Tun Fabrairun 2020 dole su turo maka saƙo tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin ya cika, amma ba sa rufe shi da kansu, ci gaba yake yi wata-wata, kuma a dunƙulallen tsari za ka iya ci gaba da biyan kuɗin wayar da ka gama biya tuntuni. Wata 'yar uwa da muka zauna muka tura INFO tare daga wayarta, amsar da ta dawo sifili ce, ashe wata biyar kenan da cikar nata tana ta biyan fam arba'in da wani abu. A zaunen nan muka tura PAC.